Yadda ake gwajin ɗanɗano a aikin kundin digiri ba tare da an yaudari kai ba

A kundayen kammala digiri na ɓangaren kimiyyar abinci akwai babi guda da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. An haɗa sabon abinci ko abin sha, an tara mutum 10 ko 15, sun ɗanɗana, sun ba da maki, samfurin ɗalibi ya zo na ɗaya. Awon sinadarai da na ƙwayoyin cuta yakan ci makonni, gwajin ɗanɗano kuwa a gama shi tsakanin azahar da la'asar. Alhali shi ne ke amsa tambayar da duk mai sana'a zai fara yi: idan na kai kasuwa za a saya? Binciken da masana halayyar masu saye suka tara a shekaru 20 da suka wuce ya nuna cewa makin da mutum ke bai wa abinci yana sauyawa da launin mazubi, da sunan da aka kira abincin, da wanda ya miƙo shi. Wanda bai toshe waɗannan ƙofofi ba, abin da ya auna shi ne karar da abokansa suka yi masa.

Za mu bi aikin da misali ɗaya daga farko har ƙarshe: ɗalibi yana son sanin ko za a iya rage sukarin zoɓo mutane su ci gaba da sha. Tambaya ce mai amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, kuma dokar kuɗi ta Najeriya ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka sa wa sukari.

Ka fara tsayar da tambayar

Tambayoyi uku ne ake iya yi wa harshen mutum, kuma kowace da gwajinta da irin mutanenta. Ta farko: ana jin bambanci tsakanin wannan da wancan? Ta biyu: wane irin bambanci ne, kuma yaya girmansa? Ta uku: ana son abin? Ta biyun tana buƙatar mutum 8 zuwa 12 da aka horar na makonni har bakinsu ya zo ɗaya a kan ma'anar tsami da bauri, kuma ɗalibin da ke da zango ɗaya a hannu da wuya ya iya. Ta farko da ta uku suna yiwuwa da kuɗi kaɗan. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cakuɗa su: a kira mutum 12 "horarru" sannan a tambaye su ko suna son abin. Mutumin da aka horar ya daina zama mai saye na yau da kullum, kuma mutum 12 ba sa wakiltar kasuwar ko da unguwa ɗaya.

Haɗa zoɓon

Tukunya ɗaya za a dafa, a raba daga baya. Idan aka dafa kowane samfuri daban, bambancin wuta da daɗewar tafasa zai shiga sakamakon, ka ɗauka sukari ne ya jawo. Auna busasshen zoɓo giram 500, ka wanke, ka zuba a ruwa lita 10 tare da citta da kanumfari da ka auna a sikeli ka rubuta nauyinsu. Ya tafasa minti 15, a tace da ƙyalle mai tsabta, a sake auna abin da ya rage domin ruwa ya ƙone. Dukan kayan ƙamshi su shiga kafin rabawa.

Daga nan ka fitar da kaso uku na lita 2.5. Zuba sukari giram 250 a mazubi mai alamar awo, ka ƙara zoɓo kana motsawa har ya kai alamar lita 2.5. Wannan shi ne mai kashi 10. Giram 200 ya ba da mai kashi 8, giram 150 mai kashi 6. Lura da tsarin: sukari ne farko, sannan a cika zuwa alama. Wanda ya auna lita 2.5 cif sannan ya zuba sukari a kai, ruwan zai haura alamar, kason da ya rubuta a kundi ya zama ba daidai ba. Idan ɗakin gwaji yana da rifraktomita, wato na'urar auna yawan sukarin da ke cikin ruwa, a ɗiga kowane samfuri a rubuta makin da ta nuna, wanda ake kira Brix, a kuma auna tsaminsa da na'urar pH. Zoɓo yakan zauna kusa da 2.5 zuwa 3.

Sanyi yana canza yadda ake jin zaƙi, don haka dukan samfuran su kasance a sanyi ɗaya, kamar digiri 8 zuwa 10. Kada a dogara da firiji inda wuta ke ɗaukewa. A sa galan ukun cikin kula ɗaya da ƙanƙara, a riƙa tsoma ma'aunin zafi duk rabin awa ana rubutawa. Zubawa kuma da babban sirinji ko silindar awo, mililita 30 a kowane kofi. Kofin da ya fi cika yakan ja ido, mai ɗanɗano ya zaɓe shi ba tare da ya san dalili ba.

Batun lafiya ba a ɗage shi. A dafa zoɓon ranar gwajin ko daren jajibiri a ajiye a sanyi. Idan aikin na duba daɗewar ajiya ne, ba a bai wa kowa samfurin kwana 7 sai sakamakon awon ƙwayoyin cuta ya fito. A nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makaranta kafin a fara, kuma kowane mai ɗanɗano ya ji abin da ke cikin kofin ya amince. Mai ciwon sukari a ba shi haƙuri. Idan kilishi ake gwadawa a faɗa a fili cewa akwai gyaɗa a labunsa, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗaukar ta.

Abin da ido da kunne ke yi wa harshe

A 2004 Samuel McClure da Read Montague na kwalejin likitanci ta Baylor da ke Amurka sun bai wa mutane Coca-Cola da Pepsi babu suna, sai zaɓi ya rabu kusan biyu. Da aka rubuta Coca-Cola a jikin kofi ɗaya aka bar ɗayan babu rubutu, alhali lemo ɗaya ne a ciki, sai mutane suka fi karkata ga mai rubutun. A 2007 Thomas Robinson na Jami'ar Stanford ya bai wa yara 63 'yan shekara 3 zuwa 5 abinci iri ɗaya, wani a takardar McDonald's wani a farar takarda. Yaran sun ce na McDonald's ya fi daɗi, har da karas da madara. Charles Spence na Jami'ar Oxford da Massimiliano Zampini sun sa wa mutane abin ji a kunne suna tauna soyayyen dankali, suka ƙara ƙarar taunar, sai masu ci suka ce dankalin ya fi ƙarmas-ƙarmas kuma ya fi zama sabo. A 2012 Spence da Betina Piqueras-Fiszman sun gano cewa kayan zaƙi iri ɗaya an fi jin zaƙinsa a farin faranti fiye da baƙi.

Duk wannan yana komawa ga ƙa'idoji masu sauƙi a teburin gwaji. Kofuna iri ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya. Babu rubuta A da B da C ko 1 da 2 da 3 a jikinsu, domin mutane sun saba A da 1 su ne na gaba. A ba kowane samfuri lamba mai alƙaluma uku da aka zaɓa ba bisa tsari ba, kamar 527 ko 863. A Excel umarnin RANDBETWEEN daga 100 zuwa 999 yana fitar da su. A cire masu jan hankali irin su 100 da 123 da 999, kuma a Najeriya kada 419 ta hau jikin kofin kowa. Takardar da ke nuna wace lamba ce wane samfuri ta zauna a hannun mutum ɗaya a ɗakin zubawa.

Ɗalibin da ya yi zoɓon kada ya zama shi ke miƙa tire. A al'adarmu ba a kushe abin da aka ba ka a gaban mai shi, balle abokin karatu da kowa ya san makinsa ya rataya a kan wannan aiki. Ko bai yi magana ba, fuskarsa tana nuna wanda yake so a yaba. A samu wani da bai san sirrin lambobin ba ya miƙa, ya karanta bayani ɗaya ga kowa daga takarda, ya kuma faɗa ƙarara cewa ba a rubuta suna kuma kushewa taimako ce.

Ɗakin ya yi nisa da kicin da ɗakin sinadarai. Idan babu rumfunan gwaji irin waɗanda ƙa'ida mai lamba 8589 ta hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya (ISO) ta tsara, a tsaga kwali mai tsawon kamar santimita 60 a raba tebur da shi yadda wani ba zai ga fuskar wani ba. Mutum ɗaya ya yamutsa fuska ko ya fara santi, duk layin ya bi shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarfe 10 zuwa 12 na safe, ko bayan awa ɗaya aƙalla da cin abincin rana. A roƙi masu zuwa su bar goro da taba da cingam awa ɗaya kafin lokaci, su kuma taƙaita turare ranar. Mai mura a sallame shi, domin babban kaso na abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke jin sa, kuma a lokacin hunturu wannan kaɗai yakan rage mutane da yawa. A duba kalanda: Litinin da Alhamis akwai masu azumi, watan Ramadan kuwa a tsara aikin kafinsa ko bayansa.

Gwajin kofi uku

Wannan shi ke amsa ko ana jin bambanci tsakanin mai kashi 10 da mai kashi 8. Kowane mutum a ba shi kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, ya sha daga hagu zuwa dama, ya nuna wanda ya bambanta. Dole ya zaɓa ko da canka zai yi, domin lissafin ya ginu ne a kan cewa mai canka yana dacewa sau 1 cikin 3. Idan a takardarka ka kira mai kashi 10 A, mai kashi 8 kuma B, jerin kofunan iri shida ne: AAB, ABA, BAA, BBA, BAB, ABB. A ɗauki adadin mutanen da ke rabuwa da shida domin kowane jeri ya samu rabo daidai. Da mutum 36, kowane jeri ya tafi ga mutum 6, kofuna 108, kowane samfuri kusan lita 1.6. Kowane kofi da lambarsa, har biyun da ke iri ɗaya.

Karanta sakamakon ba ya buƙatar kwamfuta. A matakin kuskure na kashi 5 cikin 100, wato damar a ce akwai bambanci alhali babu ba ta wuce 5 cikin 100 ba, mutum 18 suna buƙatar 10 su dace, 24 suna buƙatar 13, 30 suna buƙatar 15, 36 kuma 18. Idan 18 cikin 36 suka dace, akwai bambanci. Amma ba rabin mutanen ne suka ji shi ba, domin wasu canka suka yi. A ninka kason waɗanda suka dace da 1.5 a cire 0.5: rabi sau 1.5 ya ba da 0.75, a cire 0.5 ya rage 0.25. Wato kimanin mutum 1 cikin 4 ne ke jin bambancin da gaske.

Abu biyu ke lalata wannan gwaji. Na farko, a tambayi mutum bayan ya zaɓa wanne ya fi so. Wanda ya gama farautar kofin da ya fita daban yakan ɗauke shi a matsayin mai aibi. Na biyu, idan ba a kai adadin ba a rubuta cewa samfuran "iri ɗaya ne". Mutum 18 ba sa iya tabbatar da kamanni, gazawa kawai suka yi wajen nuna bambanci. Tabbatar da kamanni yana son mutum 60 zuwa sama da wani jadawalin daban da ke cikin ISO 4120. Kuma idan da dabino aka maye gurbin sukari, launi zai sauya ido ya riga harshe. A nan sai a yi amfani da kofi mai duhu da murfi da tsinken zuƙa, ko a kunna jan ƙwai a ɗakin.

Gwajin so

A nan yawan mutane shi ne komai. Ƙa'idar ISO 11136 ta nemi aƙalla mutum 60, kuma wanda ke son kwatanta maza da mata ko matasa da manya yana buƙatar wannan adadi a kowane rukuni. Su kasance masu shan zoɓo aƙalla sau ɗaya a mako, a tambaye su tun a bakin ƙofa. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa sun ja hankali cewa kashi 96 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun nazarin halayya sun fito daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya, yawancinsu kuma ɗaliban jami'a. Muna maimaita wannan matsala a ƙaramin sikeli duk lokacin da aka cika gwaji da 'yan aji ɗaya. Mai sayar da zoɓo a bakin tasha, masu sayensa direbobi ne da 'yan dako da yaran makaranta da mata masu cefane. Idan ɗalibai kaɗai aka samu, babu laifi, amma a rubuta haka a taken babin, kada a ce "masu saye".

Ma'aunin da aka fi amfani da shi mai hawa 9 ne, wanda David Peryam da abokan aikinsa suka ƙirƙira a cibiyar binciken abincin sojojin Amurka da ke Chicago, aka buga cikakken bayaninsa a 1957. Da Turanci aka gina shi, kuma an zaɓi kalmominsa ne domin tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai. Fassara tana iya rusa wannan. Wani bincike na 1998 ya nuna cewa 'yan Koriya da Sin da Tailan suna guje wa ƙarshen ma'aunin fiye da Amurkawa. Ga yadda za a iya sa shi da Hausa:

9 ina matuƙar son sa
8 ina son sa sosai
7 ina son sa daidai gwargwado
6 ina ɗan son sa
5 ba na so, ba na ƙi
4 ina ɗan ƙin sa
3 ina ƙin sa daidai gwargwado
2 ina ƙin sa sosai
1 ina matuƙar ƙin sa

Kada a ɗauka an gama. A rubuta kowace jimla a kati, a cakuɗa, a bai wa mutum 10 su jera daga so zuwa ƙi. Idan suna musanya "sosai" da "matuƙar", a canza kalma, a kuma ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da su Turanci a gani ko ma'anar ta tsira. Ga wanda ba ya karatu, a yi tambayar hawa biyu: kana so, kana ƙi, ko tsaka-tsaki? Idan ya ce yana so, sai a ce kaɗan, daidai gwargwado, sosai, ko matuƙa? Idan gida-gida za a bi, mace ta yi wa matan aure tambayoyin, kuma kada maigida ko kishiya su zauna a wurin.

Hausa tana da kalmomin ɗanɗano masu kaifi, a yi amfani da su: zaƙi, tsami, ɗaci, bauri, gardi, yaji, ƙamshi, ƙarni. A kiyaye da "daɗi", domin tana haɗa komai, har da sanyi da ƙoshi. A fom kuma a sa ƙugiya inda take: kauri na kunu daban, ƙauri na abin da ya ƙone daban, kuma na'urar buga takarda da ba ta da haruffanmu takan mayar da su ɗaya.

A miƙa kofi ɗaya-ɗaya, a karɓe shi da takardarsa kafin na gaba ya zo. Samfurin da aka fara sha yakan samu maki fiye da haƙƙinsa, wanda kuma ya biyo bayan mai zaƙi sosai yakan zama kamar salam. Maganin shi ne juya jeri. Samfuri uku suna da jeri shida, mutum 60 kowane jeri ya samu 10. Idan huɗu ne, a yi amfani da ABDC, BCAD, CDBA, DACB, inda kowane samfuri ke zuwa a kowane matsayi sau ɗaya kuma yana bin kowane ɗan'uwansa sau ɗaya. Tsakanin kofi da kofi a kurkure baki da ruwa marar sanyi, a ɗan ci farin burodi, a jira minti ɗaya cikakke da agogo, domin baurin zoɓo yana taruwa a baki. Kilishi ya fi wuya: ruwa ba ya wanke yajin barkono, madara ko nono sun fi, a jira minti 3 zuwa 5, kuma kada a wuce samfuri uku a zama ɗaya.

Tambayar farko a kowace takarda ita ce son abin gaba ɗaya. Idan aka fara da launi da ƙamshi, mutum ya koma alƙali yana neman aibi. Bayanta a ƙara gajerun tambayoyi masu hawa 5 a kan zaƙi da tsami da yajin citta: ya yi kaɗan sosai, ya ɗan yi kaɗan, daidai, ya ɗan yi yawa, ya yi yawa sosai. Waɗannan ne ke gaya wa mai sana'a abin da zai gyara. A ce, a misali, waɗanda suka ce zaƙin mai kashi 6 daidai ne sun ba shi matsakaicin maki 7.2, waɗanda suka ce ya yi kaɗan kuma 5.6, kuma su ne kashi 30 na mutanen. Ƙarancin zaƙi ya ci maki 1.6 ke nan a wurin kusan sulusin masu sha. An saba yin watsi da ƙorafin da bai kai kashi 20 na mutane ba.

Idan ana son auna tasirin lakabi da farashi

Nan ne aikin ke shiga nazarin halayyar masu saye sosai, kuma nan ne ɗalibi zai iya kawo sabon abu. A 2006 Rajagopal Raghunathan da abokansa sun nuna cewa Amurkawa da yawa suna ɗauka abinci marar amfani ga jiki ya fi daɗi. A 2013 Carolina Werle da abokanta sun gwada a Faransa suka samu akasin haka. Mai shan zoɓo a Kano ko Maraɗi, ina ya faɗa? Sai an gwada. Tsarin zama uku ne: a sha babu lakabi a ba da maki, a ga kwalba mai rubutun "an rage sukari" a faɗi yadda ake tsammanin daɗinsa ba tare da an sha ba, sannan a sha tare da lakabin. A bar kwana biyu ko uku tsakanin na farko da na ƙarshe, a canza lambobin. Idan makin ƙarshe ya matsa wajen abin da aka yi tsammani, lakabi ya ja harshe. Idan tazarar tsammani da gaskiya ta yi yawa, abin yakan juye. Martin Yeomans na Jami'ar Sussex ya nuna haka a 2008 da daskararren haɗin kifi mai ruwan hoda: waɗanda aka ce musu askirim ne sun ƙi shi ƙwarai, waɗanda aka gaya wa abin gishiri ne sun fi karɓar sa.

Tambayar "nawa za ka saya?" da baki ba ta da nauyi, kowa yana iya faɗin abin da zai faranta wa mai tambaya. Hanyar da Becker da DeGroot da Marschak suka tsara a 1964 tana sa a faɗi gaskiya. A bai wa mutum kuɗi, a ce naira 500, ya faɗi mafi tsadar da zai biya wa kwalba ɗaya, sannan ya zaro takardar farashi daga jaka. Idan abin da ya faɗa ya kai wanda ya zaro, ya saya a farashin takardar ya riƙe canji. Idan bai kai ba, ya tafi da kuɗinsa babu kwalba. Ƙara farashi ko rage shi ba ya amfanar sa. Da irin wannan hanya aka auna karɓuwar garin rogo mai ruwan ɗorawa mai bitamin A a jihohin Oyo da Imo, aka ga bayani kan amfaninsa yana ɗaga abin da mutane ke yarda su biya. A yi zagayen koyo da biskit tukuna, a kuma bayyana cewa babu wanda ke sa kuɗin aljihunsa, domin zaro takarda daga jaka yana sa wasu zargin caca. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba a ƙyale shi.

Lissafi, da inda ake zamewa

Kowane mutum layi ɗaya a Excel, tare da jerin da aka ba shi. A yi ANOVA, wato lissafin da ke kwatanta matsakaitan maki, mai ɗauke da samfuri da kuma mai ɗanɗano, domin mutum ɗaya ne ya ba da maki uku, kuma akwai mai hannun kyauta akwai mai tsauri. Wanda ya bar mai ɗanɗano a waje ya zuba wannan bambanci cikin kuskure, ya ɓoye wa kansa sakamakon gaske. Wajen raba matsakaitan maki gwajin Tukey ya fi na Duncan tsantseni, ko da yake na Duncan ya fi yawa a kundaye. Idan jerantawa aka yi daga na ɗaya zuwa na uku, gwajin Friedman ne nasa. Manhajar lissafi ta SPSS tana yi, manhajojin R da jamovi ma suna yi kuma kyauta ne. Kafin komai a zana yadda makin ya warwatsu. Matsakaicin 5.5 yana iya nufin kowa bai damu ba, yana kuma iya nufin rabi sun ba da 8 rabi sun ba da 3, wanda ke nuna akwai kasuwa ga masu son zoɓo mai tsami.

Zamewar da ta fi haɗari ita ce a yi ta yanka bayanai har wani abu ya fito. Gwaji 6 a matakin kashi 5 yana da damar kusan kashi 26 ta fitar da sakamakon ƙarya aƙalla ɗaya, gwaji 20 kuma kashi 64. Brian Wansink na Jami'ar Cornell, wanda ayyukansa kan girman faranti da yawan ci suka cika littattafai, a nan ya faɗi. A Satumba 2018 mujallun likitanci na JAMA suka janye maƙalunsa 6 rana ɗaya, jami'ar ta same shi da saɓa ƙa'idar bincike, ya ajiye aiki, kuma maƙalunsa da aka janye sun haura 15. Har yanzu ana cin karo da su a babin bitar ayyukan baya, don haka a duba kowace maƙala a shafin mujallarta ko a rumbun Retraction Watch, mai tattara maƙalun da aka janye, kafin a kafa hujja da ita.

Rigakafin shafi ɗaya ne da za a rubuta kafin a dafa zoɓon: babbar tambaya, adadin mutane, wanda za a cire da dalili, da lissafin da za a yi. Ɗalibi da malamin da ke duba aikin su sa hannu da kwanan wata. Duk abin da aka gano daga baya wanda ba ya cikin shafin, a ba da rahotonsa a matsayin abin lura da ke jiran wani gwajin. Idan mai kashi 8 bai bambanta da mai kashi 10 a wurin mutum 60 ba, a rubuta matsakaitan makin da tazarar amincinsu, wato iyakokin da ake sa ran ainihin makin yana tsakaninsu, yadda suke. Ga mai dafa lita 50 a rana, wannan ragin sukari kilo ɗaya ne kullum. A babin hanyoyin bincike a faɗi sanyin samfuri, da mililita nawa, da jerin miƙawa, da harshen da aka yi tambaya da shi, a liƙa fom ɗin Hausar a ƙarshen kundi, a kuma ɗaure takardun asali a ajiye tare da takardar sirrin lambobi har bayan kare kundin.